Daga Kara-Kara zuwa tiren mai magani: waiwaye kan kamuwa da cuta a Damagaram

Tun kafin madubin likita ya zo Damagaram, mutanenta sun san akwai cutar da ake ɗauka a jikin wani. Shaidar tana nan cikin gari: unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wuri ne da aka keɓe wa kutare can gefe. Malamai ma da nassinsu a hannu. Hadisi ya ce a guje wa kuturu kamar yadda ake guje wa zaki, wani kuma ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya hana na ciki fita. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Ke nan sanin cewa cuta tana yaɗuwa daɗaɗɗe ne a wurinmu. Abin da ya makara shi ne sanin mene ne yake yaɗuwar, kuma ta wace ƙofa yake shiga.

Kuturta kanta ta isa misali. A 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Hansen, ya ga ƙwayar da ke haddasa ta. Daga baya aka gano tana cikin cututtuka mafi wuyar ɗauka: kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta da kansa, sai an daɗe ana zama tare da marar magani kafin a kamu, kuma takan yi shekara biyar, wani lokaci har ashirin, ba ta nuna kanta ba. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wanda ya fara sha ya daina bai wa kowa. Amma ƙyamar ba ta ji wannan labari ba. Jikokin da ba su taɓa yin kuturta ba har yau sunan unguwar yana binsu wurin neman aure da neman aiki.

A wurin likitoci, kamuwa ita ce wani abu mai rai, ko mai kama da rai, ya shiga jiki ya samu wurin zama ya fara hayayyafa, jiki kuma ya tashi yaƙarsa. Zazzaɓi da kumburi da mugunya yawanci alamun wannan yaƙi ne. Kamuwa daban, kwanciya ciwo daban. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, mafi yawansu ba za su taɓa yin tarin ba. Cikin yara 200 da shan inna ta shiga jikinsu, ɗaya ne takan shanye wa ƙafa, sauran suna wasansu suna zubar da ƙwayar a bayan gida. Haka nan ba kowace kamuwa ake ɗauka a jikin mutum ba: tetanos mai sarƙe haƙora daga ƙasa da kashin dabbobi take shiga rauni, ko cibiyar jaririn da aka yanke da tsohuwar reza.

Rarrabe ire-iren ƙwayoyin ya faru ne cikin ɗan gajeren lokaci. A 1880 Laberan, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin majinyaci. A 1882 Kok na Jamus ya nuna ta tarin fuka. A 1887 aka ware ta sanƙarau a birnin Biyana, a 1897 kuma Ros, likita ɗan Birtaniya, ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne dillalin ƙwayar da Laberan ya gani. Lokacin da sojojin Faransa suka shiga Zinder a 1899, duk wannan ilimi bai kai shekara talatin ba, ko a Turai ɗin. Mu nan, idan masassarar cizon sauro ta zo, ana cewa sanyin damina ne, ko ɗanyen abincin kaka, ko iska. Ba su yi kuskuren lokaci ba, don masassara da damina take zuwa. Tafkunan da sauro ke ƙyanƙyasa ciki ne ba a zarga ba.

Daga nan gidajen cuta suka fito fili. Akwai bakteriya, masu rai da kansu, su ne na kuturta da tarin fuka da amai da zawo da taifot. Akwai birus, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki; nasa ne ƙyanda, baƙon dauro, da mura da sida da ciwon hanta da korona. Akwai masu zaman cin arziki a jiki, daga na masassara har tsutsar ciki da tsargiyar da ke sa yaran da ke wanka a tafki fitsarin jini. Sai dangin funfuna, irin makero a kan almajiri da ƙyasfi a wuya. Kowane gida da maganinsa, kuma galibi na wannan ba ya taɓa wancan.

Abin da tarihin ƙasarmu ya nuna shi ne, duk cutar da aka ci galabarta sai da aka san gidanta da hanyarta. Agana ta tafi da lamba: aka fara babban kamfe a Afirka ta Yamma a 1967, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Yanzu zanzana sai a fuskar tsofaffi. Kurkunu kuwa ba allura, ba ƙwaya. Wanda ya girma a ƙauyukan wajen Mirya ya san manomi zaune tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, yana naɗe farar tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, wata ta kai mita guda, gona tana cika da haki. Da aka fahimci cewa 'ya'yan tsutsar suna ɓuya ne cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwan tafki, sai aka raba ƙyallen tacewa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa inda ake ɗiba. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a duniya duk shekara. A 2013 aka ba Nijar takardar shaidar rabuwa da shi.

Sanƙarau ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 1963 likitan Faransa Lafesoni ya zana yankin da yake addaba, daga Senegal har Habasha, Damagaram tana tsakiyarsa. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro lafiya lau. Idan hunturu ya shigo, ƙura da bushewar iska suka farfasa fatar hanci da maƙoshi, ga cunkoso a ɗaki an rufe taga saboda sanyi, sai ta samu hanya zuwa jini da rufin ƙwaƙwalwa. Yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, da safe wuya ya sanƙare, ba ya son haske. Da ruwan farko ya sauka sai ta lafa. Annobar 1996 ta kama mutum kusan 250,000 a yankin, ta kashe kusan 25,000. A Disamban 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, nau'in A da ya fi kisa ya kusan ɓacewa, har wasu suka ɗauka an gama. Ashe ƙwayar dangi gare ta. A 2015 nau'in C ya ɓarke a Nijar, sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, jihar Zinder kaɗai ta ƙirga mutum 559 da rasuwar 18, nan ma nau'in C ne ya fi yawa. Uwar da ta ce ai an yi wa ɗanta allurar sanƙarau ba ƙarya ta yi ba. Ta wani nau'in aka yi masa. Shi ya sa ɗebo ruwan baya da iyaye ke tsoro yake da muhimmanci, don da shi ake sanin wa ake yaƙa. Sabuwar allura mai haɗa nau'i biyar, A da C da W da Y da X, sai a 2024 aka fara amfani da ita, Najeriya ce ta farko.

Mashaƙo kuma ya tuna mana a 2023, a Matamaye da ma Kano, cewa cutar da allurarta ta daɗe a cikin katin rigakafin yara tana dawowa da zarar an yi sakaci da katin.

Inda aka fi samun ruɗani yau shi ne tiren mai tallar magani. A Kasuwar Dole da tashoshin mota, mutum yakan ce mura ta kama shi, a ƙirga masa kafso huɗu, ja da rawaya, a ƙulle a leda. Mura birus ce, kafson kuma na bakteriya ne, saboda haka bai taɓa ta ba. Za ta tafi da kanta cikin mako, kafso ya karɓi yabo. Abin da ya yi kawai shi ne ya kashe raunanan bakteriyar da ke cikin hanji ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Mai masassara ma haka, alhali gwajin ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne a gidan likita. Ban ga laifin mai saye sosai ba: layin asibiti dogo ne, kuɗin takarda da na gwaji sun fi na leda. Amma Filemin, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945, cewa shan abin da bai kai ƙima ba koya wa ƙwaya juriya ne. Ƙiyasin 2019 ya ɗora mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya kai tsaye kan bakteriyar da magani ya daina ci, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da adadin jama'arta.