Sauya shokar sitiyari a manyan motocin kat-kat (4x4): tambayoyi da amsoshi

Direban da ya saba hanyar Tanut zuwa Agadas, ko wanda yake sauka daga kwalta bayan Gure ya nufi Tesker, ya san yadda gargada take taso wa daga tayoyin gaba ta iso tafin hannunsa. Akwai wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin gaban mota wanda aikinsa shi ne rage wannan duka. Makanikan Damagaram da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa amortisar na direksiyo, waɗanda suka yi zaman Kano kuwa suna cewa shokar sitiyari. Ga tambayoyin da masu manyan motoci suka fi yi a kansa.

Mene ne ainihin aikin shokar sitiyari?

Ƴar'uwar shokar taya ce, sai dai ita a kwance take. Bututu ne mai ɗauke da mai, a cikinsa akwai fistan mai ƙananan ƙofofi, kuma duk lokacin da sandar fistan ɗin ta shiga ko ta fita dole man ya matsu ta waɗannan ƙofofi. An ɗaure gefe ɗaya a jikin shasi ko aksil, ɗaya gefen a jikin sandar da take juya tayoyi. Idan direba ya murza sitiyari a hankali, man yana wucewa ba tare da gardama ba. Idan kuwa taya ta daki dutse ko bakin rami ta nemi fizge sitiyarin nan take, man ba ya samun damar wucewa da irin wannan sauri, sai shokar ta shanye mafi yawan bugun. Bambancinta da shokar taya shi ne tana turjiya daidai wa daida wajen shiga da wajen fita, domin mota tana juyawa dama kamar yadda take juyawa hagu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗauko shokar taya a ɗaura a gurbinta, ko da tsawonsu ya zo ɗaya.

Kowace babbar mota ce take da ita?

A'a. An fi samunta a motocin da aksil ɗin gabansu sanda guda ne, wanda makanikai suke kira pon: Land Cruiser jerin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, jerin 80 na shekarun 1990 zuwa 1997, samfurin 105 da ya biyo bayansa, da kuma Nissan Patrol Y60 da Y61. Land Cruiser 100 da ta 200, waɗanda kowace tayar gabansu take motsi ita kaɗai, tsarin sitiyarinsu daban ne, kuma ba su fito daga kamfani da wannan shoka ba. Mai irin waɗannan motoci da aka ce masa shokar sitiyarinsa ta mutu ya nemi a nuna masa ita da yatsa.

Ta yaya zan gane tawa ta gaji?

Da farko a duba da ido. Ɗan danshin da ƙura ta manne a kai ba abin tashin hankali ba ne, amma idan mai ya jiƙe bututun har yana ɗiga, robar da take riƙe shi ta ƙare. A duba ko sandar ta lanƙwashe, ko dutse ya lotsa bututun, ko robobin bakinta sun tsattsage. A ƙasarmu zafi da rairayi ne suke cin ta: ƙura tana manne wa sandar, sandar tana shiga da ita ciki, a hankali ta goge robar.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne a cire ta a riƙe a hannu, a kwance kamar yadda take a mota, a tura ta har ƙarshe sannan a jawo ta har ƙarshe. Mai lafiya tana yin nauyi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wadda ta mutu kan zarce fayau a wani wuri kamar babu komai a ciki, ko ta riƙa tsalle-tsalle, ko ta cije ta ƙi motsi. Mai cijewar ta fi haɗari, domin tana iya sa sitiyari ya ƙi dawowa tsakiya bayan kwana.

Motata tana karkarwa da ƙarfi idan na taka rami ina cikin gudu. Sabuwar shoka za ta magance wannan?

A nan ne mutane da yawa suke ɓarnar kuɗinsu, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Akwai wata karkarwa da take kama motoci masu aksil guda, galibi idan gudu ya kai wajen kilomita 70 ko 80 a awa: taya ta taɓa wani ɗan tudu, sai gaban motar gaba ɗaya ya hau kaɗawa dama da hagu, sitiyari yana neman ƙwacewa, kuma ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Shokar sitiyari ba ita take haddasa wannan ba. Motar da komai na gabanta yake a ɗaure daram tana iya tafiya lafiya a kan kwalta ko an cire mata shokar ɗungurungum. Abin da sabuwar shoka take yi shi ne ta danne karkarwar na ɗan lokaci, direba ya ɗauka ya warke, alhali abin da ya saki yana nan yana ƙara saki, har ranar da zai fi ƙarfin shokar, wataƙila da iyali a cikin mota tsakanin Takeita da Tasawa.

Masu laifin sanannu ne. Akwai rotil, wato gaɓoɓin da suke bakin sandunan sitiyari. Akwai robobin sandar Panhard, wadda take tafiya a karkace daga shasi zuwa aksil don ta hana shi zamewa gefe. Akwai boris na taya, da boris na sama da na ƙasa waɗanda kan aksil yake juyawa a kansu. Akwai taya da ta ci gefe ɗaya, ko ta kumbura, ko ba a daidaita nauyinta ba, har ma da busasshen laka da ya maƙale a cikin rim bayan damina. Motar da aka ɗaga da dogayen sifirin ba tare da an gyara kwanciyar aksil ba ita ma tana saurin kamuwa.

Binciken ba ya buƙatar wata na'ura. A bar motar a ƙasa, mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan dama da hagu, wani ya durƙusa a gaba yana kallon kowace gaɓa yana ɗora hannu a kanta. Duk inda gefe ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya bi shi, a nan sakin yake. Bayan haka a ɗaga taya, a kama ta sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama ta gefe da gefe. Ni a ganina makanikin da ya miƙo sabuwar shoka kafin ya yi wannan bincike bai yi wa mai mota adalci ba, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Wace iri ya kamata in saya?

Wadda ta dace da samfurin motar, kuma hanya mafi aminci ita ce a tafi da lambar shasi da take cikin takardar mota, a kuma tafi da tsohuwar a gwada su gefe da gefe. A auna tsawonsu a tsuke da kuma a buɗe, a duba ko bakunansu iri ɗaya ne. Idan ta gaza tsawo, ita za ta riƙa tare sitiyari kafin ya kai iyakarsa, kuma ba za ta daɗe ba. Toyota da Nissan suna da nasu na asali, kamfanoni irin su KYB, Monroe, Bilstein da Old Man Emu ma suna yi. Sunan da yake jikin kwali kaɗai ba shaida ba ne, domin jabu ya yi yawa a kasuwannin kayan mota, a nan gida da ma inda ake sarowa.

Wasu shokokin an cika su da iskar gas, su ne waɗanda suke buɗewa da kansu idan aka sake su. Irin waɗannan suna iya tura mota gefe ɗaya a hankali. Ga motar da tayoyinta na asali ne, wadda mai zalla ne a cikinta ta wadatar. Okaziyo kuwa, wato wadda aka taɓa amfani da ita, ban cika ba da shawararta ba a wannan kaya, sai idan ta ci gwajin hannu da aka bayyana a sama.

Yaya ake sauya ta?

A tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa, a miƙe tayoyi, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a bayan taya. Yawancin waɗannan motoci suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashi ba tare da an ɗaga su ba, kuma hakan ya fi aminci. Idan dole sai an ɗaga, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A wanke notocin da buroshi, a zuba musu man sassauta tsatsa, a ba su ɗan lokaci. Idan akwai farantin kariya a ƙasa, a fara cire shi.

Bakin shokar iri biyu ne. Wani zobe ne mai roba da ƙusa take ratsawa, wannan kwance noti kawai yake buƙata. Wani kuma ƙusa ce mai tsini kamar ta rotil, wadda take cije ramin da ta shiga. Ga wannan, a zare siririn ƙarfen da yake kulle notin, a sassauta notin amma a bar shi a bakin zare, sannan a yi amfani da abin matse rotil. Inda babu shi, ana dukan gefen ƙarfen da ƙusar ta shiga da guduma har ta saki, ba kan ƙusar ba, domin dukan kai yana lalata zare. Kada a kusanto da wutar walda kusa da bututun don notin ya ƙi kwancewa, saboda akwai mai a ciki, wani lokaci har da gas a matse.

Kafin a ɗaura sabuwa, a tura ta a jawo ta sau da yawa don man ya zauna. A goge ramukan, kada a shafa giris a jikin ƙusa mai tsini, kuma kada a kama sandar mai ƙyalli da filaya, domin ƙaramin karce ya isa ya yanke robar ciki. A sa ta ta fuskanci inda tsohuwar ta fuskanta, a ɗaura bakin biyu sako-sako tukuna, sannan a ɗaure su gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa. A sa sabon ƙarfen kulle. Ƙusa ko guntun waya da wasu suke cusawa a wurin ba sa riƙe noti a kan gargada.

Bayan an gama, sai an sake daidaita tayoyi?

Sauya shoka kaɗai ba ya taɓa saitin tayoyi. Amma idan a cikin aikin an sauya rotil ko an murza tsawon wata sanda, to dole a daidaita. Abin da ba a tsallakewa shi ne a tayar da inji, a juya sitiyari har ƙarshen dama da ƙarshen hagu, wani yana kallo daga ƙasa ya tabbatar shokar ba ta ƙure ba kuma ba ta gogar komai. Daga nan a fita gwaji a hankali, a kwalta da kuma a burji, a saurari ko akwai ƙara, a lura ko sitiyari yana dawowa tsakiya da kansa. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake taɓa notocin.

Zan iya ci gaba da tuƙi kafin in samu sabuwa?

Idan yoyo kawai take yi kuma sauran gaban motar lafiya yake, ana iya lallaɓawa a cikin gari, kamar a Damagaram daga Birni zuwa Zango ko Sabon Gari, da gudu kaɗan. Idan ta cije ko ta lanƙwashe, gara a cire ta gaba ɗaya har a samu wata. Doguwar tafiya a daji ba tare da ita ba tana gajiyar da hannu kuma tana ƙara wa rotil da akwatin sitiyari wahala. Wanda tafiyar ta zame masa dole ya rage gudu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kuma ya ajiye manyan yatsunsa a kan da'irar sitiyarin ta waje, kada ya zura su ciki, domin idan taya ta daki kututture sitiyarin yana iya juyowa da ƙarfin da zai targaɗa yatsa.