Ziyarar Madina da ƙafa

Ziyarar Madina da ƙafa ita ce zagayen da alhazai da masu Umara ke yi a wurare masu alfarma na birnin Manzon Allah (SAW) ba tare da hawa mota ba. Ziyara ba ta cikin rukunan Hajji, amma maniyyatan Bauchi da Gombe da ke tashi daga filayen jirgin Durum da Lawanti kan yi kwanaki a Madina, kuma wanda masaukinsa ke kusa da Harami, wato Masallacin Annabi, zai iya kai wa yawancin wuraren da sawunsa.

Daga Masallacin Annabi ake farawa. Maza na shiga ta Babus Salam su bi layi zuwa gaban Shabbaki, wato shingen ƙarfen da ke kewaye da kabarin Annabi, su yi sallama ga Annabi, sannan Sayyidina Abubakar, sannan Sayyidina Umar, su fita ta ƙofar da ke fuskantar Baƙi'a. Askarawa ba sa barin a tsaya. Shiga Rauda, wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa, kuwa sai da izini daga manhajar Nusuk, kuma lokacin mata daban ne da na maza.

Maƙabartar Baƙi'a na gabas da masallacin, an saba buɗe ta ga maza bayan Asuba da bayan La'asar. A nan Sayyidina Usman yake, da Ibrahim ɗan Annabi, da yawancin matan Annabi, da Imam Malik wanda mazhabarsa ce ta fi yaɗuwa a Arewa. Kaburburan ba su da suna, don haka ba a dogara da duk mai nuna wa mutane "ga kabarin wane". Ta kudu maso yamma kuma, tafiyar 'yan mintuna, akwai Masallacin Gamama inda Annabi ya riƙa sallar Idi.

Tafiyar da ta fi cancantar a yi da ƙafa ita ce ta Ƙuba, masallacin farko da aka gina a Musulunci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi kan je can kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Wani hadisin ya nuna wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla a Ƙuba yana da lada kamar na Umara, shi ya sa ake yin alwala tun daga masauki. Nisan ya ɗan haura kilomita 3 kudu da Harami, kuma akwai shimfiɗaɗɗen titin masu tafiya a ƙasa da ya haɗa su. Mai lafiya kan kai cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Dab da isa, ana wuce Masallacin Juma'a, inda Annabi ya yi sallar Juma'a a hanyarsa daga Ƙuba zuwa Madina lokacin Hijira.

Uhudu na arewa, kimanin kilomita 5. A can aka gwabza yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira, kuma a can Sayyidina Hamza da sauran shahidai kusan 70 ke kwance, kusa da tudun da aka tsayar da maharba 50. Shi da Masallacin Ƙiblataini, mota ta fi dacewa da su, musamman ga dattawa.

Rana ce babbar matsala. Zafi kan wuce digiri 40 a bazara, kuma iskar busasshiya ce kamar ta watan Maris a Gombe, gumi na bushewa nan take har mutum ya galabaita bai lura ba. Saboda haka ake fita bayan Asuba ko bayan Isha'i, da gorar ruwa da laima. Ƙonewar tafin ƙafa ma na yawan faruwa: alhaji ya ajiye silifas a wata ƙofa, ya fito ta wata, ya taka dutsen harabar da rana ta gasa. Masu ciwon suga sun fi shiga haɗari domin ƙafarsu ba ta jin zafin da wuri. Maganinsa a sa takalmi a leda a shiga da shi, a riƙe lambar ƙofar da aka shigo, a kuma ajiye katin otal a aljihu, don gine-ginen da ke kewaye da Harami sun yi kama da juna.