Takardar mallakar ƙirƙira ba shaidar cewa inji yana aiki ba ce

Akwai masu sha'awar tonon tsofaffin takardun ƙirƙira, su kwana a kan zanen injin maganaɗisu da aka ce yana juya kansa ba mai ba batir, ko mota mai shan ruwa a madadin fetur, ko janareta da ke ba da wutar da ta fi wadda ta ci. Da ka nuna shakka sai a miƙo maka lamba, a ce ai gwamnatin Amurka ma ta ba shi takarda. Takardar kam gaskiya ce. Abin da take nufi a doka ne ba a cika fahimta ba.

Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana abinsa filla-filla, yadda duk masanin fannin zai iya haɗa irinsa. Ita kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ko shigo da shi ƙasar ba da izininsa ba, na ɗan lokaci. A ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, bisa yarjejeniyar 1994, lokacin shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata. Kafin Yunin 1995, a Amurka shekara 17 ce daga ranar da aka ba da takardar. Ikon hanawa, shi ke nan abin da ya samu. Ba lambar yabo ba ce, ba kuma hatimin inganci ba.

Jami'in da ke duba buƙatar yana tambayar ko abin sabo ne, ko ba abu ba ne da kowane ma'aikacin fannin zai gano cikin sauƙi, ko kuma yana da amfani. Amma duk a kan takarda yake wannan aiki. Ba ya ɗaura waya, ba ya murɗa makunni. A da, har zuwa 1880, ofishin ba da takardun ƙirƙira na Amurka kan nemi a kawo ƙaramin samfurin injin. Yanzu da wuya ya nema, sai fa idan mutum ya fito fili ya ce injinsa zai yi ta juyawa har abada ba tare da an ba shi makamashi ba. Irin wannan da'awa ta daɗe da gundurar masana: tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke cewa ta daina duba ta. Dalilin bai sauya ba. Makamashi ba ya fitowa daga babu, sauya kama kawai yake yi, kuma duk inji sai ya zubar da wani kaso ta hanyar zafi da gogayya.

To ta ina wasu ke wucewa? Ta bakin alƙalami. A ƙarshen kowace takarda akwai jimloli masu lamba, 1, 2, 3, inda mai ƙirƙira ke zayyana ainihin abin da yake neman a kare masa. Waɗannan ne doka ke kallo, sauran shafukan bayani ne. Mai wayo ba zai rubuta a nan cewa injinsa na haifar da wuta daga babu ba. Zai ce faifai ne mai maganaɗisu kaza, an jera su a karkace, da naɗin wayar tagulla a gefe. Idan ba a taɓa yin wannan jeri ba, yana iya samun takarda. Jerin aka amince sabo ne. Cika-bakin da yake yi a gaban 'yan jarida babu wanda ya sa masa hannu.

Joseph Newman, wani mai ƙirƙira Ba'amurke, bai yi wannan ɓoye-ɓoyen ba. A 1979 ya shigar da buƙata kan injin da ya ce yana fitar da makamashi fiye da wanda ya shiga. Aka ƙi, ya garzaya kotu. Kotu ta sa hukumar awo ta ƙasar ta gwada injin a 1986, aka tarar abin da ke fita bai kai wanda ke shiga ba, kuma a 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ƙin. Stanley Meyer kuwa, mai motar ruwa, ya samu takardu da dama. Duk da haka a 1996 wata kotu a jihar Ohayo da ke Amurka ta same shi da damfara, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu da suka zuba jari kuɗinsu, dala 25,000. Takardunsa ba su cece shi ba, don ba su taɓa zama shaidar cewa motar na tafiya da ruwa ba.

Wani tarkon kuma, wani abin da ake yaɗawa buƙata ce kawai ba takarda ba. Ana wallafa buƙatu bayan wata 18 da shigar da su, ko za a amince ko ba za a amince ba. A lambobin Amurka, idan ka ga A1 a ƙarshe, buƙata ce. B1 ko B2 ita ce wadda aka bayar. Abin dariya ma, tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire na duniya ya ware wa irin waɗannan injuna aljihu na musamman, H02K 53/00, na injunan lantarki da ake riya cewa ba sa tsayawa. Kalmar riyawar tana cikin sunan aljihun.

Sai batun da masu sha'awar ke yi cewa gwamnati ko kamfanoni sun danne irin waɗannan injuna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: Amurka tana da dokar 1951 da ta ba gwamnati damar sa wa buƙata takunkumin sirri saboda tsaron ƙasa, kuma sama da 5,000 na ƙarƙashin wannan takunkumi. Sai dai wadda kake karantawa a shafukan intanet na binciken takardun ƙirƙira irin su Google Patents ko Espacenet ba ta cikinsu, tunda ga ta a gabanka. Kamfani na iya sayen takarda ya jefa a durowa, amma ba zai iya goge zanen ba, ba zai kuma tsayar da agogo ba. A Amurka ma takarda kan mutu da wuri idan ba a biya kuɗin sabuntawa ba a shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. Kuma ikonta ba ya tsallake iyakar ƙasar da ta bayar da ita.

Ga mai son gwadawa da hannunsa, wadda wa'adinta ya ƙare ta zama ta kowa. Injin faifai na Nikola Tesla na 1913, wanda tururi ko iska ke juyawa, masu sha'awa na haɗa shi har yau ba sa neman izinin kowa. Wadda take da rai kuwa, sai a duba dokar ƙasa: Birtaniya ta ƙyale gwaji na ƙashin kai wanda ba na kasuwanci ba, a Amurka ƙofar ta fi ƙunci sosai. Takardun Meyer duk sun daɗe da ƙarewa. Zanen yana nan kyauta ga duk mai so, har da kamfanonin ƙera motoci.