Barin injin a-kori-kura yana aiki a tsaye ba ya rage shan gazuwal

A Damagaram an daɗe ana cewa mota mai gazuwal, irin Hilux ko Land Cruiser, gara a bar ta a kunne da a kashe, wai tayarwa ta fi cin mai. Maganar tana da tushe: tsofaffin injuna kan yi gardamar tashi da sanyin hunturu, kuma direban da batirinsa ya raunana yana tsoron kashe mota a dajin Tanut.

Amma man da lafiyayyen inji ke sha wajen tashi bai kai na minti ɗaya a tsaye ba. Wanda aka bari yana ruri kuwa yakan sha kusan lita guda a awa, ko fiye in na'urar sanyi na aiki. Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar injin: a tsaye ba ya ɗaukar zafi sosai, gazuwal ba ya ƙonewa duka, baƙin hayaƙi ya taru, wani man ya zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Akwai togiya. Mota mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da ta sha doguwar tafiya, kamar daga Agadas, a ba ta minti 1 ko 2 kafin a kashe, turbon ya huce.

Kowa na iya gwadawa. Cika tanki fal, rubuta kilomita, yi aikin mako yadda ka saba, ka sake cikawa ka lissafa lita nawa ta sha a kilomita 100. Mako na biyu ka riƙa kashewa a duk doguwar tsayuwa, ka kwatanta.

Don Allah a tura wa direbobi da masu motoci wannan bayani.