Harajin Gurɓata Muhalli da Cinikin Ƙasa da Ƙasa

Harajin gurɓata muhalli kuɗi ne da gwamnati ke ɗora wa masana'anta ko haja gwargwadon hayaƙi ko dattin da take jawowa. Ana danganta tunanin ga Arthur Pigou, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, wanda ya bayyana shi a 1920. Ƙasar Finlan ce ta fara karɓar harajin hayaƙin kabon a 1990, Afirka ta Kudu kuwa sai a 2019.

Tarihi a Afirka

A nahiyar nan, shara ce ta fara tayar da maganar. A 1988 aka gano dubban ganguna na dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya, saboda zubar da shi a Turai ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hayaniyar da ta biyo baya na cikin abin da ya haifar da yarjejeniyar Basel ta 1989 kan jigilar datti mai guba tsakanin ƙasashe. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta isa ba, suka ƙulla ta Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan datti ɗungurungum.

Matsalar iyaka

Haraji na tsayawa a bakin iyaka, haja kuwa wucewa take yi. Ko masana'antu na ƙaura da yawa zuwa inda doka ke da sassauci, masana sun saɓa. Tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara bin diddigin hayaƙin siminti, ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata, don ta karɓi kuɗi a kansu a iyaka. Ƙasashe masu tasowa da dama na kallon hakan a matsayin kariyar kasuwa.

A Maraɗi

Nijar ta kafa dokar hana leda a 2014, amma baƙar leda ba ta bar kasuwar Maraɗi ba, don hanyar shigo da ita daga Najeriya, ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, gajeriya ce, duwan kuma ba sa iya buɗe kowane buhu. Haka esansi: an yi shekara da shekaru ana sayar da man Najeriya mai tallafi a kwalabe bakin titi, kuma muddin kwalbar ta fi gidan mai araha, ƙarin haraji a kan mai ba ya cin ɗan kabu-kabu. Cire tallafin a Mayun 2023 ya girgiza wannan ciniki.

A 2020 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Sedeyawo, ta amince da ƙa'ida ɗaya kan tsaftar mai da tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.