Siyena

Siyena birni ne a yankin Toskana da ke tsakiyar Italiya, kimanin kilomita 70 kudu da Fulorens idan aka bi hanyar mota. Mazaunansa sun ɗan haura 50,000. A kan tuddai uku aka gina shi, ganuwa ta kewaye shi, yawancin gidajensa kuwa na jan bulo ne. A 1995 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Garuruwan Italiya masu tsofaffin gine-gine suna da yawa, amma kaɗan ne fasalinsu na ƙarni na 14 ya tsira kusan ɗungurungum kamar na Siyena. Dalilin ba mai daɗin ji ba ne: annoba da yaƙi ne suka tsayar da bunƙasar garin, har ya zamana ba shi da kuɗin da zai rushe tsohon gini ya ɗora sabo.

Tasowa da faɗuwa

Romawa sun kafa ƙaramin gari a nan zamanin sarki Augustus, suka kira shi Saena Julia, sai dai bai yi wani tashe ba a lokacinsu. Abin da ya ɗaga shi daga baya hanya ce, wato Via Francigena, wadda masu ziyarar ibada da fatake daga arewacin Turai suke bi zuwa Roma. Ta tsakiyar garin ta ratsa. Baƙo yana buƙatar masauki da abinci da mai yi masa canjin kuɗi, daga nan attajiran Siyena suka ƙware a harkar banki, har gidan Bonsignori ya riƙa kula da kuɗaɗen fadar Paparoma a ƙarni na 13.

Arziki ya jawo kishi tsakaninta da Fulorens. A ranar 4 ga Satumba 1260 Siyena ta yi wa rundunar Fulorens mummunan kaye a Montaperti, kuma har yau mutanen garin ba su daina ambaton wannan rana ba. Daga 1287 zuwa 1355 mulki yana hannun Majalisar Mutum Tara, 'yan kasuwa da ake sauyawa duk bayan wata biyu. Da yawa daga cikin abin da baƙo yake zuwa kallo a yau, a wannan zamanin aka gina shi ko aka ƙawata shi.

Sai annobar 1348 ta faɗo. Masana tarihi da yawa suna ƙiyasta cewa ta kashe kusan rabin mutanen garin. Wani marubucin tarihin garin, Agnolo di Tura, ya rubuta cewa da hannunsa ya binne 'ya'yansa biyar. Siyena ba ta sake komawa yadda take ba. A 1555, bayan doguwar ƙawanya da yunwa, ta miƙa wuya ga sojojin Sifaniya da na Fulorens, a 1557 aka damƙa ta ga Cosimo na gidan Medici, mai mulkin Fulorens.

Dandalin Campo da fadar gari

Zuciyar garin shi ne Piazza del Campo, dandali mai siffar rabin da'ira wanda ya gangara zuwa ƙofar fadar gari. An shimfiɗe shi da jan bulo, aka raba shi gida tara da layukan farin dutse, don tunawa da Mutum Tara. Ba haka kawai kyansa ya zo ba. Tun 1297 hukuma ta kafa doka cewa tagogin gidajen da ke fuskantar dandalin su yi daidai da na fadar. Wannan na daga cikin tsofaffin dokokin tsara birni da aka sani a Turai.

Fadar, Palazzo Pubblico, a 1297 aka soma gina ta, kuma har yanzu akwai ofisoshin hukumar gari a cikinta. Hasumiyarta, Torre del Mangia, an kammala ta a 1348. Tsayinta ya kusa mita 90, mai son hawa kuwa sai ya taka matakala wajen 400 ta wata ƙuntatacciyar hanya.

Abin da ya fi cancantar a daɗe a gabansa yana cikin ɗakin da Mutum Tara suke zama. A 1338 da 1339 Ambrogio Lorenzetti ya zana a bangon ɗakin yadda gari yake kasancewa a ƙarƙashin mulkin adalci da kuma na zalunci. A bangon adalci ga mai ɗinkin takalma a shagonsa, ga malami da ɗalibansa, ga magina a saman gini, ga masu rawa sun riƙe hannun juna. Bayan ganuwa manoma suna aiki, wani yana kora aladensa zuwa kasuwa, matafiya suna tafiya ba fargaba. A ɗaya bangon azzalumi ne mai ƙaho a kan karaga, an ɗaure Adalci cikin siffar mutum a ƙasansa, gidaje suna rushewa, gonaki sun zama kufai. A zamanin da kusan duk babban zane na addini ne, wannan na mulki ne da rayuwar talakawa, kuma an sa shi a daidai inda masu mulki ba su da yadda za su kau da ido daga gare shi. Ana kyautata zaton Lorenzetti da ɗan'uwansa Pietro duk annobar ce ta tafi da su.

Babbar majami'a

A kan tudu mafi tsayi babbar majami'ar garin take, an yi mata ado da dutsen marmara fari da baƙi layi-layi, launukan tutar Siyena. A ciki akwai mumbarin da Nicola Pisano ya sassaƙa tsakanin 1265 da 1268, da daɓen marmara mai hotuna 56 wanda ake rufe yawancinsa, sai a wasu watanni na shekara a buɗe. A 1339 mutanen garin suka ƙudura faɗaɗa ginin ta yadda majami'ar da ake da ita za ta zama reshe kawai na sabuwar. Annoba da raunin ginshiƙai suka kashe aikin. Ƙaton bangon da aka fara yana nan tsaye ba rufi, ana hawa kansa a hango garin gaba ɗaya. A gidan tarihin da ke gefensa aka ajiye babban zanen da mai zane Duccio ya yi, wanda jama'a suka raka daga shagonsa zuwa majami'ar da gagarumin biki a 1311.

Daura da majami'ar akwai Santa Maria della Scala, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin Turai, inda aka riƙa karɓar matafiya da marasa lafiya da jariran da aka yar. Yanzu gidan tarihi ne.

Ruwa

Siyena ba ta da kogi, kuma wannan ya daɗe yana tauye sana'o'inta, musamman saƙa da rini. Maganin da aka samo shi ne haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsu wajen kilomita 25, masu tara ruwan da ke tsatsowa daga tuddai su kai shi wuraren ɗiba. A shekarun 1340 ruwan ya iso dandalin Campo. A unguwar Fontebranda, inda marina da majema suke, aka haifi Katarina ta Siyena a 1347, 'yar wani marini, wadda Katolika suke girmamawa a matsayin waliyya.

Unguwanni da tseren Palio

Abin da ya hana Siyena zama kangon tarihi shi ne unguwanninta 17, waɗanda aka tsayar da iyakokinsu a 1729. Kowace tana da tutarta, da majami'arta, da gidan tarihinta, da tambarinta: akwai unguwar Kunkuru, da ta Mujiya, da ta Beguwa, da ta Raƙumin Dawa, da ta Dodon Koɗi. Mutum ɗan unguwarsu ne tun daga haihuwa, da tutarta ake raka shi ranar aure da ranar jana'iza.

Sau biyu a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, unguwanni goma suke karawa a tseren dawaki na Palio. Wanda ya saba da hawan sallah a Kano ko Katsina zai gane jerin gwanon da ake fara yi, da ganguna da tutoci da kayan ado na da. Amma abin da ke biyo baya sukuwa ce ta a-mutu-ko-a-yi-rai. Ana zuba ƙasa a kewayen dandalin, a jera katifu a kwanar San Martino mai haɗari. Ƙuri'a ce take ba kowace unguwa dokinta, kuma kafin tsere ana shiga da dokin har cikin majami'ar unguwa a sa masa albarka. Mahayan, waɗanda yawancinsu haya aka ɗauko su, da dama daga tsibirin Sardiniya, ba sirdi suke hawa. Zagaye uku ne, ba ya kai minti biyu. Doki ne yake cin tsere, ko da mahayinsa ya faɗi a hanya. Lada kuwa tutar alharini ce mai zane. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna sukar tseren saboda dawakin da ke karyewa, abin da ya sa aka tsananta binciken likitocin dabbobi kafin a zaɓi doki.

Ziyara

Tun shekarun 1960 aka taƙaita shigar motoci tsakiyar garin, don haka yawon na ƙafa ne, da hawa da gangara. Tashar jirgin ƙasa tana gindin tudu, motar bas daga Fulorens kuwa ta fi kai mutum kusa da tsakiya. Jami'ar garin ta samo asali tun 1240, bankin Monte dei Paschi kuma, mai hedikwata a fadar Salimbeni, tun 1472. Masu ziyara sukan haɗa da Monteriggioni, ƙaramin gari mai ganuwa da Siyena ta gina a farkon ƙarni na 13 don tsaron iyakarta da Fulorens, da San Gimignano mai dogayen hasumiyoyi 14, da Pienza a kudu. A ranakun Palio masauki yana wuya ƙwarai, sai wanda ya kama ɗaki tun da watanni.