Dokar feɗe gawa ta 1832 a Birtaniya: gawar wa aka halatta wa likitoci?

Kusan duk likitan da ka gani yau sai da ya koyi jikin ɗan Adam a kan gawa, ba a littafi kaɗai ba, ya ga inda jijiya ta bi da idonsa, ya taɓa da hannunsa. To gawar wa? Wannan tambayar ce ta sa majalisar Birtaniya ta yi dokar feɗe gawa a 1832, kuma ya kamata mu santa don tamu ta Najeriya daga jikinta aka ciro.

Kafin dokar, hanya ɗaya tak likita ke da ita ta halal, wato gawar wanda aka rataye. A 1540 Sarki Henry na 8 ya ba ƙungiyar wanzamai da likitocin fiɗa na Landan gawa huɗu a shekara, huɗu fa kacal. Sai a 1752 aka yi wata doka da ta ce wanda aka rataye kan kisan kai ba za a binne shi haka nan ba, ko dai a feɗe shi ko a rataye gawar cikin sarƙa jama'a su gani. Wato fiɗar kanta horo ce, ƙarin wulakanci bayan mutuwa, haka mutanen lokacin suka ɗauke ta.

Amma makarantun likitanci sai ƙaruwa suke a Landan da Edinbura, ɗalibai ɗaruruwa, masu kisan da ake ratayewa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Nan sana'ar tonon kabari ta samu gindin zama. A binne mutum da rana, cikin dare a zo a tone wajen kai, a fasa murfin akwati a jawo gawar da igiya, kafin gari ya waye ta isa makaranta an biya kuɗi. A dokar Ingila gawa ba dukiyar kowa ba ce, don haka ɗaukarta ƙaramin laifi ne, amma satar likkafani babban laifin sata ne, shi ya sa ɓarayin kan tuɓe gawar su mayar da likkafanin rami su tafi da mutum tsirara. Masu hali sai suka koma sa kejin ƙarfe a kan kabari da ɗaukar masu gadin maƙabarta, talaka kuwa sai dai 'yan uwa su yi ta kwana a bakin kabarin har gawar ta ruɓe ta daina amfani.

Abin ya kai maƙura a 1828. William Burke da William Hare a Edinbura ba su ma tsaya tonon kabari ba, kashe mutane suka riƙa yi, mutum 16, suna sayar wa Dakta Robert Knox, malamin koyar da feɗe gawa. Hare ya ba da shaida a kan abokinsa aka sake shi, Burke aka rataye shi a Janairun 1829, aka feɗe shi a bainar jama'a, ƙasusuwansa har yau suna jami'ar Edinbura. A 1831 kuma aka kama John Bishop da Thomas Williams a Landan da irin wannan aika-aika. Ɗan majalisa Henry Warburton, wanda ƙudurinsa na farko kan feɗe gawa ya faɗi a 1829, sai ya sake kawowa, wannan karon ya wuce.

To me dokar ta ce? Da farko ba mai feɗe gawa sai da lasisi daga sakataren harkokin cikin gida, kuma aka naɗa sufetoci masu zagaya makarantu suna rubuta kowace gawa daga ina ta fito. Ba a ɗauke gawa sai ta cika awa 48 da mutuwa, a sanar da sufeto, a kuma samu takardar likita mai bayanin abin da ya kashe mutumin. In an gama aiki dole a sa abin da ya rage a akwati a binne yadda addinin mamacin ya tanada, a kai wa sufeto shaidar binnewar cikin mako shida. Wanda ya saɓa, ɗaurin da bai wuce wata uku ba ko tarar da ba ta wuce fam 50 ba. Ta soke feɗe masu kisa, ta kuma ba mutum damar yin wasiyya da gawarsa in ya ga dama.

Duk wannan ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne sashen da ya ce duk wanda gawa take hannunsa bisa doka yana iya miƙa ta ga likitoci, sai fa in mamacin ya rubuta cewa bai yarda ba, ko ya faɗa da baki gaban shaidu biyu a ciwon ajalinsa, ko mijinta ko matarsa ko wani ɗan uwa ya zo ya hana. Wa ke riƙe da gawa bisa doka in ba dangi? Shugaban asibiti, shugaban gidan yari, da mai kula da gidajen nan da ake tara matalauta suna aiki don a ba su abinci da makwanci. Mai kuɗi a gidansa yake mutuwa cikin iyalinsa, dokar ba ta ma isa ƙofarsa ba. Talakan da bai iya rubutu ba, shaidunsa biyu kuma su ne ma'aikatan gidan da za su miƙa shi, 'yan uwansa suna wani gari ko kuma suna nan amma ba su da kuɗin akwati da na rami sai su kasa fitowa su ce namu ne, to shi ne aka kira gawar da ba mai ita. Shirunsa aka ɗauka a matsayin yarda. Wallahi wannan ne ke ci min rai a dokar, horon da ake yi wa mai kisan kai jiya shi aka mayar kan wanda laifinsa kawai rashin abin hannu, kuma da aka yi sabuwar dokar talakawa a 1834 gidajen nan suka ƙara yawa, makarantu suka ƙara samun gawa. Tonon kabari ya mutu a hankali, gaskiya ne, ilimin fiɗa ya ci gaba, shi ma gaskiya ne, amma talakawan Ingila sun daɗe suna tsoron mutuwa a waɗannan gidaje har suna tara kwabo kwabo a ƙungiyoyin jana'iza don kada a rasa kuɗin binne su.

Dokar ta 1832 ta yi shekara sama da 150 kafin a maye gurbinta a 1984. Bayan an gano cewa asibitin yara na Alder Hey a Libaful ya ajiye sassan jikin yaran da suka mutu ba da sanin iyayensu ba, sai aka yi dokar 2004, wadda ta juya abin gaba ɗaya, yanzu a Ingila ba a koyar da ɗalibai da gawarka sai kai da kanka ka rubuta ka yarda tun kana raye, gaban shaida.

Mu kuma a Najeriya Turawa sun kawo mana dokar feɗe gawa a 1933 a kan tsarin ta 1832, tana nan cikin kundin dokokin tarayya, kuma har gobe mafi yawan gawarwakin da ɗaliban likitanci ke koyo da su waɗanda aka bari ne a mutuware, wato ɗakin ajiye gawa na asibiti, ba wanda ya zo nema. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta yarda mutum ya yi wasiyya da jikinsa, sai dai masu yin hakan ba su da yawa. Don haka in ɗan uwa ya yi tafiya an daina jin ɗuriyarsa, bayan an kai cigiya ofishin 'yan sanda a leƙa mutuwaren manyan asibitocin garin da wuri, a bar suna da hoto da lambar waya wajen ma'aikatan.